Gudan jini bayan tiyatar sankarar hanji: kundin aikin sashenmu na fiɗa

13 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda wani dattijo da muka yi wa tiyata a ƙarshen shekarar da ta wuce. Manomi ne mai shekara 63, an yanke masa ɓangaren babban hanji da sankara ta kama, aikin ya yi kyau, ɗinki ya kama, ya fara shan kunu a rana ta huɗu, kuma muka sallame shi a rana ta tara yana ta sa mana albarka. Bayan mako uku sai ga babban ɗansa ya shigo ɗakin maza riƙe da ragowar auduga da bandejin da suka saya, ya ce a bai wa wani mabuƙaci, domin Baba ya riga mu gidan gaskiya. Da na yi masa ta'aziyya na tambayi yadda abin ya faru, sai ya ce ƙafar hagu ce ta fara kumbura kwana uku kafin rasuwar, suka ɗauka gajiyar kwanciya ce, suka riƙa murza masa man zafi. Ranar da abin zai faru ya tashi zai yi alwalar asuba, numfashi ya sarƙe masa, ya dafe ƙirji, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Duk likitan fiɗa da ya ji wannan labari ya san abin da ya fi kama da shi: gudan jini ne ya taru a jijiya mai zurfi ta ƙafa, ya ɓalle, ya bi ta zuciya, ya je ya toshe jijiyar huhu. Idan kwana ya ƙare babu makawa, na yi imani da haka, sai dai da na koma fayil ɗinsa na tarar allurar hana daskarewar jini ta tsaya tun ranar da ya bar gadonmu, kuma babu inda muka rubuta cewa mun auna haɗarinsa, ko mun gaya wa iyalinsa alamar da za su sa wa ido. Wannan ne ya hana ni barci.

Dalilin da ya sa mai sankarar hanji yake cikin wannan haɗari sananne ne tun da daɗewa. Abubuwa uku ke sa jini ya dunƙule a cikin jijiya, kuma ana jingina bayaninsu ga Rudolf Virchow, masanin cututtuka ɗan Jamus na ƙarni na 19: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya sauya ya zama mai saurin daskarewa. Majinyacinmu yana haɗa duka ukun a lokaci guda. Yana kwance awa uku ko huɗu a kan teburin tiyata sannan ya yi kwanaki a gado, aikin yana taɓa jijiyoyin ƙugu, musamman idan ciwon a dubura yake, ita kuwa sankarar tana sakin sinadaran da ke ingiza jini ya daskare, alaƙar da likitan Faransa Armand Trousseau ya bayyana tun 1865.

Shugaban sashe ya amince in jagoranci aikin, tare da sistar da ke kula da ɗakin maza, da wani ƙanena a aiki, da mai harhaɗa magunguna guda. Za mu duba tsofaffin fayiloli, mu sa takardar auna haɗari a fayil ɗin kowane sabon majinyaci, sannan mu bibiyi kowa ta waya har kwana 90 bayan tiyata.

27 ga Janairu, 2025

Kwamitin ɗa'ar bincike ya ba mu izini, da sharaɗin kada sunan kowa ya shiga takardunmu sai lamba. Ofishin adana fayiloli ya ware mana rana biyu a mako, kuma mun fara da rajistar ɗakin tiyata domin fitar da lambobin waɗanda aka yi wa aikin babban hanji ko dubura cikin shekaru uku da suka gabata.

10 ga Fabrairu, 2025

Abin da ba mu rubuta ba a fayilolin ya fi abin da muka rubuta yawa. Nauyin majinyaci ba kasafai ake samunsa ba, tsawonsa kuwa kusan babu shi gaba ɗaya, alhali da su biyun ake lissafin ƙiba, da nauyin kuma ake daidaita magani. Amma takardar ba da magani ce ta fi tsaya mini a rai. Likita yakan rubuta allurar hana daskarewar jini ta enoksafarin, wanda a asibitocinmu aka fi sani da sunan kasuwa Clexane, miligiram 40 sau ɗaya a rana, sai ka ga sa hannun nas a rana ta farko da ta biyu, daga nan kuma sai jerin alamar da ke nuna ba a kawo maganin ba. Sista ta yi mini bayanin da ban samu a takarda ba. Masu jinya su ke sayen komai, kuma idan aka miƙa wa mutum takardar ruwan leda, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da na rage zafi, da allurar hana wani abin da bai ma faru ba tukuna, kuɗin aljihunsa kuma ba zai kai ga duka ba, to wutar gabansa zai kashe. Ban ga laifinsu ba, tun da ba mu taɓa zaunar da su mun gaya musu aikin allurar ba.

Na kuma lura cewa da yawa sun zo ne a makare, bayan watanni suna shan maganin basir saboda jinin da suke gani a bayan gida, wasu ma sai da hanji ya toshe aka kawo su cikin dare. A irin wannan tiyatar gaggawa hankalin kowa yana kan ceto rai, maganar rigakafin gudan jini takan faɗo bayan kwana biyu, idan ma ta faɗo. Bayan sallama kuwa fayil yakan yi shiru: zuwa ɗaya a cire zare, shi ke nan.

24 ga Fabrairu, 2025

Mun zaɓi ma'aunin Caprini, wanda likitan fiɗa na Amurka Joseph Caprini ya fara fitarwa a 1991, kuma muna amfani da fasalinsa na 2005. Kowane abin da ke ƙara haɗari yana da makinsa, a tara a ga jimla. Shekara 41 zuwa 60 maki 1 ne, 61 zuwa 74 maki 2, daga 75 zuwa sama maki 3. Babbar tiyatar da ta wuce minti 45 tana da maki 2, haka sankara, haka kwanciyar gado fiye da awa 72, haka bututun da aka sa a babbar jijiya. Ƙwayar cuta da ta shiga jini cikin wata guda da kumburin ƙafa kowannensu maki 1 ne, wanda kuma ya taɓa samun gudan jini, ko aka taɓa samu a danginsa, yana da maki 3. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar a 2012 sun sa duk mai maki 5 zuwa sama a rukuni mafi haɗari, inda aka ƙiyasta cewa kimanin kashi 6 cikin 100 za su samu gudan jini idan ba a yi rigakafi ba.

Tun a makon farko muka ga inda gizo ke saƙar. Mutum mai shekara 45 da za a buɗe cikinsa saboda sankara ya riga ya samu maki 5 kafin a tambaye shi komai: 1 na shekaru, 2 na tiyata, 2 na sankara. Ƙanena a aiki ya ce, "Yallaɓai, idan kowa zai faɗa rukuni ɗaya, mene ne amfanin cika takardar?" Tambayar tana kan hanya. Amsar da na ba shi ita ce haɗarin ba ya tsayawa a maki 5, ci gaba yake da hawa. Nazarin da Pannucci da abokan aikinsa suka wallafa a 2017, wanda ya tattara bincike da dama kan waɗanda aka yi wa tiyata, ya nuna cewa a cikin waɗanda ba a ba su maganin rigakafi ba haɗarin ya tashi daga kashi 0.7 a masu ƙarancin maki zuwa kashi 10.7 a masu fiye da maki 8. Saboda haka za mu riƙa rubuta ainihin jimlar, mu kuma sake lissafinta ranar sallama, domin wanda ya shiga ɗakin tiyata da maki 5 yana iya fita asibiti da 10 idan ɗinki ya yi yoyo, zazzaɓi ya shiga, ya yi mako bai sauko daga gado ba.

Tambayar dangi ta ba mu wahala. Idan ka ce wa mutum gudan jini, sai ya kawo maka labarin ɓari ko jinin haihuwa. Sista ce ta gyara mana ita, yanzu muna cewa: a gidanku an taɓa samun wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura tana ciwo bayan haihuwa, ko tiyata, ko doguwar jinya? An taɓa samun wanda ya rasu farat ɗaya yana haki bayan an ga ya fara samun sauƙi? Da wannan lafazi mutane suka fara tunowa.

Akwai kuma gurabun da takardar ta tanada waɗanda ba namu ba ne, irin su cutar gado ta Factor V Leiden, wadda ta fi yawa a Turawa kuma da wuya a same ta a baƙar fatar Afirka, yayin da abubuwan da muke gani kullum ba su da gurbi. Kimanin ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna ɗauke da AS, wato sun gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai, kuma bincike a Amurka ya nuna masu ɗauke da shi sun kusan ninka sauran mutane a haɗarin gudan jini a huhu. Cutar sikila kanta, da ƙanjamau, da tarin fuka duk suna ƙara haɗarin. Ba mu ƙirƙiro musu maki ba, domin ma'aunin da aka yi wa kwaskwarima ba tare da gwaji ba ya daina zama ma'auni. A gefen takarda muke rubuta su.

10 ga Maris, 2025

Yau azumi goma, kuma watan ya zo mana da tambayoyi biyu da ba mu shirya musu ba. Ta farko mai sauƙi ce: masu jinya suna tambaya ko allurar tana karya azumi. Yawancin malamai suna ganin allurar ƙarƙashin fata wadda ba ta abinci ba ce ba ta karyawa, ban da haka ma wanda aka yi wa irin wannan tiyata yana cikin marasa lafiyar da aka yi wa rangwame. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda aka sallama, suka ji ƙarfi kaɗan, suka ɗauki azumi cikin wannan zafi da ke ƙaruwa kullum, musamman waɗanda aka fito musu da ƙaramin hanji ta ciki suna bayan gida a jaka, domin su ruwa da gishiri suke zubarwa fiye da kima, jini ya yi kauri, ƙoda ta gaji. Mun ƙara layi a takardar sallama cewa kada a ɗauki azumi sai likita ya duba.

Ta biyu kuwa wani malamin makaranta mai ritaya ne ya yi mini ita a zagayen safe. Ya ce, "Likita, na ji an ce daga alade ake samo wannan allura, gaskiya ne?" Na ce, "Gaskiya ne, Malam." Hefarin, maganin hana daskarewar jini, daga fatar cikin hanjin alade ake tatso shi, daga shi kuma ake sarrafa enoksafarin. Na gaya masa akwai fondafarinus, wanda haɗin ɗakin gwaji ne tsantsa, sai dai samunsa a nan yana da wuya, sannan na bayyana masa abin da muke tsoro idan an bar shi babu komai. Ya ce in ba shi lokaci ya yi shawara. Washegari da yamma ya ce a yi masa, ya karanto mini ayar Baƙara da ta ɗauke laifi ga wanda larura ta tilasta wa.

Da muka zauna, ɗaya daga cikinmu ya ce idan muka riƙa faɗa wa kowa, wasu za su ƙi, mu kuma mu rasa su. Na fahimci tsoronsa, amma ban yarda mu yi shiru ba. Mutumin da ya gano daga baya cewa an ɓoye masa irin wannan ba zai sake yarda da mu a kan komai ba, kuma labari zai kai garinsu kafin shi. Mun tsaya a kan cewa za a faɗa cikin bayanin neman amincewa, da natsuwa, tare da ba mutum damar tuntuɓar malaminsa.

7 ga Afrilu, 2025

Mun ƙara wa takardar shafi na biyu, na haɗarin zubar jini, bayan abin da ya faru da wata Hajiya mai shekara 70. Makinta 9, muka fara mata allura, a rana ta huɗu bandejinta ya riƙa jiƙewa, fitsarinta ya ragu, gwaji kuma ya nuna ƙodarta ta ja baya. Enoksafarin ta ƙoda yake fita, idan tacewar ƙoda ta yi ƙasa da mililita 30 a minti sai ya taru a jiki. Muka dakatar, muka gyara mata ruwa, daga baya muka koma wa tsohon hefarin, awo 5,000 a ƙarƙashin fata, ta kuwa samu sauƙi. Yanzu babu wanda za a fara wa allura sai an ga gwajin ƙodarsa da adadin ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zuba, sannan a maimaita na biyun tsakanin rana ta 5 da ta 10, lokacin da hefarin kan iya karya su. Muna kuma tambayar magungunan ciwon jiki da mutane ke saya a kemis, irin su dikulofinak da ibufurofin, domin suna ƙara zubar jini.

Da likitocin sa barci mun daidaita kan lokaci: awa 12 tsakanin allurar rigakafi da sa allurar kashe zafi ta gadon baya ko cire bututunta, sannan awa 4 bayan cirewa kafin a yi ta gaba. Domin sauƙaƙa lissafi mun mayar da allurar kowa ƙarfe shida na yamma.

Safar matse ƙafa ba ta karɓu ba a wannan zafi. Majinyata suna naɗe ta zuwa ƙasan gwiwa, ta zama kamar igiyar da ta shaƙe ƙafar, wanda ya fi rashin sa ta muni, kuma ba ta dace da mai matsalar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa ba. Tafiya ce muka fi samun nasara a kanta. Sista ta tsara cewa tun washegarin tiyata mai jinya zai riƙe majinyaci su kai ƙarshen baranda su dawo bayan kowace sallah ta rana, tun da lokacin sallah ba ya wuce kowa.

28 ga Afrilu, 2025

Na gabatar da batun kwana 28 a taron sashe, kuma nan ne muhawara ta yi zafi. Hujjar tana da ƙarfi. A binciken ENOXACAN II da David Bergqvist na Suwidin ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2002, an bai wa waɗanda aka yi wa tiyatar sankarar ciki ko ƙugu enoksafarin na kwana 6 zuwa 10, sannan aka ci gaba da bai wa rabinsu na ƙarin kwana 21. Gudan jini ya bayyana a kashi 12 na waɗanda aka tsayar wa, da kashi 4.8 na waɗanda aka ci gaba da yi wa. Binciken FAME na Denmak a 2006 ya samu kashi 16.3 da 7.3 da maganin daltefarin. A Italiya a 2014, a kan tiyatar sankarar hanji ta na'urar leƙa ciki, an samu kashi 9.7 a masu mako ɗaya, ba a samu ko ɗaya ba a masu mako huɗu. Hukumar NICE mai fitar da ƙa'idojin jinya a Birtaniya ma a 2018 ta ba da shawarar a duba tsawaitawa zuwa kwana 28 bayan babbar tiyatar sankara a ciki.

Ɗaya daga cikin manyanmu ya kawo suka mai ma'ana. Ya ce yawancin gudajin da aka ƙirga a waɗannan bincike hoto ne ya gano su a ƙafafun mutanen da ba su koka da komai ba, kuma majinyatan Turai sun fi namu shekaru da ƙiba, sannan ya tambaye ni wa zai biya. Mai harhaɗa magungunanmu ya riga ya zagaya shagunan da ke kusa da asibiti, kuma ko a mafi arha kuɗin sirinji 28 ya haura naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashi na ƙasa, ga iyalin da wataƙila sun sayar da gona ko sa kafin a kai ga tiyata. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da amsar kuɗin, amma gudan da ya kashe manomin nan ma shiru ya yi har sai kwana uku kafin ya ɓalle."

An tabo maganar ƙwayar hana daskarewar jini ta ribaroksaban, wadda a binciken PROLAPS II na Italiya a 2022 ta rage gudan jini daga kashi 3.9 zuwa 1 a miligiram 10 kullum. Ƙwaya ta fi allura sauƙi ga mutumin ƙauye, kuma babu alade a cikinta, sai dai waɗancan majinyata ta na'ura aka yi musu aiki, mu kuwa buɗe ciki muke yi, kuma wannan rukunin magani yana ƙara zubar jini a hanji idan akwai sauran ciwon da ba a cire ba. Mun bar ta ga waɗanda aka cire wa ciwon gaba ɗaya, hanjinsu ya dawo aiki, da amincewar babban likita.

Matsayar taro ita ce a shawarci kowa da kwana 28 idan babu haɗarin zubar jini, amma masu maki 9 zuwa sama, da wanda ya taɓa samun gudan jini, da wanda sankararsa ta bazu, ba za su fita ba sai mun ga maganin a hannunsu, ko da za mu nema musu daga asusun taimakon marasa galihu. A nan ne takardar da ƙanena ya yi shakku a kanta ta nuna amfaninta: ita ce ke gaya mana wanda za mu fara tsaya wa idan abin hannu bai isa kowa ba.

19 ga Mayu, 2025

Koyar da allura a gida ya fi yadda na zata tafiya. Yau na tsaya ina kallon sista tana koya wa wata yarinya 'yar aji shida na sakandare, wadda ita ce mai jinyar mahaifinta. Ta nuna mata ta wanke hannu, ta zaɓi gefen ciki nesa da cibiya da ɗinki da jakar bayan gida, ta tattaro fata da yatsu biyu, ta soka allurar a miƙe har ƙarshe ba tare da ta fitar da ɗan kumfan iskar da ke cikin sirinjin ba, ta tura a hankali, kuma kada ta murza wurin bayan ta zare. Hannun yarinyar yana rawa, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya ce, "Yi abinki, 'yata, wuƙar likita ma na sha." Ta yi daidai. Muka ba su gorar roba mai murfi ta zuba sirinjin da aka yi amfani da su, da takarda mai gida 28 da za ta riƙa sokewa kullum.

Mun rubuta alamomin haɗari da boko da ajami: ƙafa ɗaya ta kumbura ko ta yi zafi, ciwon sha-raɓa, haki, ciwon ƙirji, tari da jini, baƙin bayan gida. Muna kuma jan kunnen iyali kan abubuwa biyu da takardar Caprini ba ta san da su ba. Na ɗaya doguwar tafiyar komawa gida a matse cikin mota, inda muke roƙon a riƙa tsayawa yana taka ƙasa. Na biyu zaman karɓar 'yan dubiya, inda mutum zai yini a kishingiɗe ana shigowa ana yi masa sannu, ga kunyar jaka ta hana shi fita ko masallacin ƙofar gida.

16 ga Yuni, 2025

Kiran waya ya yi aikin da aka ƙirƙiro shi dominsa. Wani magidanci mai shekara 58 da aka cire wa sankarar dubura, makinsa 8 ranar sallama, ya iya sayen sirinji 10 ne kawai, sannan ya yi tafiyar kusan awa shida zuwa garinsu domin Babbar Sallah. Da na kira a rana ta 21 maiɗakinsa ce ta ɗauka, ta ce lafiya lau, sai dai ƙafar dama ta yi masa nauyi, har an yi magana da wanzami zai zo gobe ya yi masa ƙaho. Na ce, "Hajiya, don Allah kada a yi ƙaho, kada a tausa, a kawo shi yau." Allah ya taimaka ƙaninsa yana da mota.

Da suka iso na auna sha-raɓar biyu da tef, santimita 10 ƙasa da ƙashin da ya yi tudu a gaban gwiwa, ta dama ta fi ta hagu da santimita 4, alhali ma'aunin Wells, na ƙiyasta ko akwai gudan jini a ƙafa, yana ƙirga duk bambancin da ya wuce 3. Ban nemi gwajin jini na D-dimer, mai nuna alamar gudan jini, ba, domin a mai sankara da aka yi wa tiyata kwanan nan yakan hau ko babu gudan jini. A ɗakin hoto likita ya danna jijiyar cinya da kan na'ura; lafiyayyar jijiya takan lotse ta rufe, tasa kuwa ta tsaya a buɗe da abu mai toka-toka a cikinta. Muka kwantar da shi, muka fara magani cikakke, miligiram 1 ga kowane kilo sau biyu a rana, kuma zai yi aƙalla wata uku zuwa shida a kan maganin hana daskarewa, wanda kuɗinsa ya ninka na sirinji 18 da suka gagara sau da yawa. Makinsa 8 ya sa bai shiga jerin waɗanda muke nema wa taimako ba, kuma na rubuta wa shugaban sashe cewa a duba saukar da iyakar zuwa 7 ga duk wanda aka yi wa aikin dubura.

7 ga Yuli, 2025

Takardar tana shiga kusan kowane fayil na tiyatar da aka tsara, amma a na gaggawa har yanzu da sauran rina a kaba, saboda haka daga wannan mako likitan da ke kwana zai cika ta kafin ya miƙa aiki da safe. Sikelin ɗakin mata ya lalace, muna aron na ɗakin maza. Babbar matsalar bibiya ita ce layukan waya: wasu a kashe, wasu na maƙwabci ne ko na ɗan da ya koma ci-rani, don haka mun fara karɓar lamba uku daga kowane iyali, muna kiran kowace a gabansu kafin su tafi. Batun saukar da iyakar maki yana cikin ajandar taron sashe na ƙarshen wata, kuma mai harhaɗa magunguna yana lissafin abin da hakan zai ci daga asusu. Magidancin watan jiya ya zo asibiti ranar Alhamis yana takawa da ƙafarsa, bambancin sha-raɓar ya sauko zuwa santimita 2. Akwai mutum uku da ya kamata in kira yau da yamma, biyu na rana ta 14, ɗaya na rana ta 90.